Jakar Takalman Hure

Ni baduku ne ɗan baduku, sunana Kabo, kuma ban taɓa jin nauyin faɗin cewa a duk kasuwar Ajingi babu wanda ya fi ni iya riƙe basilla ba. Yanzu ido ya yi rauni, hannu yana rawa, amma a wancan zamani in na ɗinka maka gafaka sai ka gaji da ita ka bar wa ɗanka. Alfahari kam ina da shi, ban ɓoye ba. Na fara da shi ne don a gane yadda aka yi aikin da ya fi kowane kyau a cikin ayyukana ya zama shi ne wanda in na tuna abinci yake fita raina.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne, da bazara, ana irin zafin nan da fata ke bushewa a hannunka kafin ka gama yanka ta. Ranar kasuwa da hantsi sai ga Inuwa na Gafasa a bakin rumfata. Abokina ne tun muna yara, manomin gyaɗa, mutum mai tsoron Allah da tsoron kayan mutane. In ka ba shi aron fartanya sai ya wasa ta kafin ya mayar maka. Ya saɓo 'yarsa Hure a kafaɗa, tsohuwarsa Dada tana biye da sandarta, ga wani ƙunshi ya rungume a cikin tsohuwar rigarsa.

Hure shekararta shida a lokacin. An haife ta da ƙafar hagu a karkace, tafin yana kallon ciki, da gefen ƙafar take takawa har wurin ya yi kanta. Tsofaffi sun ja, sun ɗaure, an shafa abin da za a shafa, ƙafa ta ƙi miƙewa. Daga ƙarshe wani malamin asibiti a Gaya ya rubuta wa Inuwa takarda zuwa wani babban asibiti a Kano. Wata uku suka yi a can. Aka yi mata aiki, aka ɗaure ƙafar a cikin farin abin nan mai tauri da mutanenmu ke ce wa siminti, aka fasa, aka sake ɗaurewa. Ranar da suka dawo duk Gafasa ta fito kallo, domin yarinya ta sauko daga kafaɗar ubanta ta dasa tafin ƙafarta a ƙasa daram, kamar na kowa.

Bayan mun gaisa Inuwa ya tsuguna ya warware ƙunshin a kan buzuna. Takalma ne baƙaƙe masu rufe idon sawu, da igiyar ɗaurewa a gaba. Na hagun yana da ƙarafa biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, sun hau har ƙasan gwiwa inda wani maɗaurin fata ya haɗa su. Na ɗauka na juya, na shinshina, na bi ɗinkin da farce. Ban taɓa riƙe fata mai laushi da ƙarfi a haɗe irin wannan ba.

Na ce, "To me ya sa ba sa ƙafarta?"

"Hanya da nisa, ga yashi. In mun koma gida za ta sa." Ya gyara tsugunno. "Abu biyu likita ya gaya mini, Kabo. Na farko, ta riƙa sawa kullum daga safe har kwanciya, don ƙafar ba ta gama zama ba, in aka bar ta haka nan za ta koma inda ta fito. Na biyu, in kula da su sosai. Ƙarfen nan daga ƙasar waje yake zuwa, kuma ba su da wani. Bayan wata shida mu koma da su, a cire ƙarfen a sa mata a wanda ya fi girma. In ta gama da shi wani yaron ke jira."

"To, madalla."

"Amana ce aka ɗora mini. Ga gara a ɗakina, ga ɓera, ga damina tafe. Jaka nake so ka ba ni, inda za su riƙa kwana."

Akwai jakunkuna a rataye a rumfar, na gama-gari, irin waɗanda nake ɗinkawa ina hira. Na sauko da burgami ɗaya, ya yi girma. Na sauko da wata 'yar ja mai baki buɗe da igiyar zugewa guda, muka gwada, takalman suka shiga tsaf, sai dai kan ƙarfen yana leƙowa kaɗan. Hure ta miƙo hannu tana shafa ta. Ta ce, "Baba, wannan nake so." Da an tsaya a nan da ba ni da labarin da zan ba ku.

Dada ce ta fara magana, tana tsaye ta dogara da sanda. "Ni tun a gida na ce masa sanho ma ya isa. Abin da zai wuni a ƙafa, wane gida kuma yake nema? A rataya a turke, gari ya waye a sa mata."

Maganar nan ta sosa mini rai. Na ce, "Haba Dada, sanhon da kike zuba busasshiyar kuɓewa? Kin taɓa ganin takalmi irin wannan a ƙasar Gaya? Ko a ƙafar hakimi ban gani ba."

"Hakimi ai ƙafarsa lafiya lau."

"Ke dai bar wa masu sana'a sana'arsu."

Ta ce, "Na bar muku," ta juya ta nufi rumfar masu gishiri.

Na mayar da 'yar jar jakar inda take, Hure tana bin ta da kallo. Na gaya wa Inuwa cewa kan ƙarfen da ke leƙowa raɓa za ta taɓa shi ya yi tsatsa, kuma bakin da igiya ɗaya ke zugewa ɓera ba ya jin tsoronsa. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. So nake a ce takalmin da ya fi kowane takalmi a ƙasar nan a cikin jakar Kabo yake. Na auna su da zare, tsawo da faɗi, na ce ya dawo bayan kasuwa biyu.

Mu mutanen karkara muna da wata ɗabi'a da takalmi, wadda ɗan birni ba zai gane ba. Mutum zai sayi fade sabo, ya ɗora shi a ka ko ya rataya a sanda, ya taka ƙaya da tsakuwa mai zafi tun daga ƙauyensu, sai ya hango bakin gari sannan ya kakkaɓe ƙafa ya sa. In ka tambaye shi sai ya ce ƙafa in ta fashe tana warkewa, takalmi kuwa ba ya warkewa. Ubana haka ya yi, ni ma haka na yi, Inuwa kuwa ya fi mu duka. Yana da wani takalmi da ya saya tun kafin a ba da mulkin kai, har lokacin ƙasansa bai san ƙasar Gafasa ba.

Kwana goma sha huɗu na yi a kan jakar. Na je wurin majemi da kaina na zaɓi jar fatar akuya wadda babu tabo ko ɗaya a jikinta. Na raba cikin gida biyu, kowane takalmi da ɗakinsa, na hagun na yi masa dogon wuya don ƙarfen. Na yi mata shafi da farin alawayyo. Na sa murfi mai ninki biyu, na yi ado da koren zare da baƙi a gabansa, na sa tuntu a gefe. Maɗaurai uku na yi mata, na ƙarshen da wani ƙulli da ubana ya koya mini, wanda in ba ka san kansa ba, ja kawai za ka yi yana ƙara tamkewa. Dukawan da ke kusa da ni sun yi ta zuwa kallo suna komawa shiru, ni kuwa shirun nan ya fi mini kirari daɗi.

Ranar da Inuwa ya dawo karɓa, tun daga nesa na jiyo wata ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ɗaga kai sai na ga Hure ce tafe da ƙafarta a cikin takalman. A bakin kasuwa ya sa mata. Tana ɗan jan ta hagun saboda nauyin ƙarfe, amma a miƙe take, tana ta washe baki tana kallon mutane ko sun gan ta. Dada ta ce a kwana goma sha huɗun nan yarinyar ba ta zauna ba, har rijiya take bin 'yan'uwanta, shekaranjiya ma an kama ta tana koyon 'yar gala-gala.

Ya kamata in ce barka. Maimakon haka idona ya sauka a kan hancin takalmin, na ga ya goge ya yi fari, gefen kuma ƙaya ta karce shi.

Na ce, "Kai Inuwa! Dubi nan. Sati biyu kacal? In aka tafi a haka, kafin wata shida me za ka mayar wa mutane? Tsumma?"

Na ga fuskarsa ta canja. Ya tsuguna ya sa bakin rigarsa yana goge wurin, yana gogewa fari yana nan. Hure ta daina murmushi ta tsaya cak, ta ɗauka laifi ta yi.

Muka cire mata don a gwada jaka. Na hana shi sawa haka nan, na ce farin shafi ne, sai an kakkaɓe an goge an shafa mai tukuna. Na nuna masa yadda ake yi: tsumma mai ɗan danshi, sannan busasshe, sannan man shanu kaɗan a fata, man gyaɗa a gaɓar ƙarfen, a bar su su sha iska a inuwa. Sai da muka ɗauki kusan sa'a guda. Da suka shiga kuwa suka zauna kamar a ciki aka halicce su. Na koya masa ƙullin har sau biyar kafin ya iya. Ya rataya jakar a wuya, ya saɓi Hure a kafaɗa ba takalmi, suka tafi, mutane suna tsayar da shi suna tambayar wa ya ɗinka.

Ban sake ganinsu ba sai da damina ta yi tsakiya. Ana marka na je Gafasa kai wa mai gari linzami, na ce bari in biya in gaida Dada. Inuwa yana gona tun asuba. Dada ta shigar da ni ɗakinsa don in fake wa yayyafi, sai ga jakata can sama a jikin azara, an ɗaure ta da igiya inda ko ni sai na taka turmi zan kai. Ta yi kyau fiye da ranar da ta bar hannuna, domin kullum ana shafa mata mai.

Hure ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni. Ƙafarta duk taɓo. Da ta tashi za ta fita na lura tafin hagun ba ya zama daram kamar da. Ya ɗan kwanta ta waje, kaɗan ne, amma idon da ya saba da ganin karkataccen ɗinki ba zai rasa ganinsa ba.

Dada ta ce, "Ka gani ko?"

Na ce, "Me?"

"Kada ka mai da ni yarinya, ɗan nan. Ka gani." Ta zauna a bakin gado tana haki. "Da farko yana sa mata da safe, da yamma ya cire ya zauna yana wanki da shafe-shafe har a kira magariba. Da ruwa ya sauka sai ya ce ba za a shiga taɓo da kayan asibiti ba, a bari ƙasa ta sha. Ƙasa kuwa ba ta sha ba. Da noma ya kankama sai ya ce ba shi da lokacin wankin, a bari sai Juma'a. Yanzu ranar Juma'a yake sa mata, a kan tabarma, ta zauna kamar amarya, in ya dawo daga masallaci ya cire. Juma'ar da ta wuce ma tana ta kuka wai suna matse ta."

"Uwarta fa?"

"Kubura ta yi magana har ta gaji. Ran nan da ya tafi gona muka taka turmi muka sauko da jakar. Ni da ita muka yi ta fama da wannan shegen ƙullin naka har farcena ya karye. Na ɗauko wuƙa zan yanke, Kubura ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce in ya dawo ya gani aurenta ne zai yi rawa." Ta nuna ni da sanda. "Kai yake jin maganarka. Kai ka ce masa za su zama tsumma. To ka je gona yanzu ka ce masa ya bari su zama tsumman."

Gonar Inuwa ba ta da nisa, daga bakin zaure ana hango kukar da ke gefenta. Na ce mata to, zan biya. Na fito, na tsaya a mararraba, yayyafi yana dukana. Abin da ya riƙe ni ba wani abu ba ne illa wannan: in na je, sai na ce masa abin da na faɗa a kasuwa kuskure ne, tsohuwa ce ke da gaskiya, jakar da duk Ajingi ke magana a kanta ba ta da amfani. Na gaya wa kaina cewa ai saura wata biyu su koma, likita ya fi ni sani, kuma ba a shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Na bi hanyar Ajingi. Ina jin kunyar wannan tsayuwar a mararraba fiye da duk abin da na taɓa yi a rayuwata.

Wata shida ya cika ana tsakiyar cirar gyaɗa, Inuwa bai samu tafiya ba sai da aka kai amfani gida, wajen wata na takwas ke nan. Ya aiko mini cewa ranar Litinin za su Kano. Ni ma ina da sayayyar zare da rini a birni, na ce mu tafi tare. Gaskiyar magana, sayayyar za ta iya jira. Raina ya kasu biyu: rabi yana tsoron abin da na gani a Gafasa, rabi kuma, Allah Ya yafe mini, yana son jin abin da mutanen asibiti za su ce in sun ga jakar.

Muka tako zuwa Gaya muka hau babbar mota ta Wudil. Inuwa ya ɗora jakar a cinya ya rufe ta da riga saboda ƙura, Hure tana zaune a kan buhu kusa da ni. Ta yi tsawo a watannin nan. Da muka sauka a tasha ta yi 'yan taku kaɗan kafin ya ɗauke ta, na kawar da kai, domin a kan gefen ƙafar take tafiya sosai, tsohuwar kantar ma ta dawo. Inuwa yana ganinta kullum, shi ya sa bai ga abin da na gani ba, ko kuma ya gani ya ce wa kansa gajiya ce.

A asibitin aka nuna mana wani ɗaki a baya, mai warin fata da gam, inda ake haɗa takalman marasa lafiya. Mai aikin wani dattijo ne gajere, Malam Ɗanladi, da tabarau a kan hanci da almakashi a aljihu. Ya gane Inuwa, ya tsokani Hure ya ce matarsa ta dawo. Da Inuwa ya ajiye jakar a kan tebur sai mutumin ya tsaya. Ya shafa murfin, ya juya ta, ya kai ta kusa da taga yana duba ɗinkin.

"Wa ya yi wannan?"

Inuwa ya nuna ni. "Ga shi nan, abokina ne, Kabo na Ajingi."

"Malam, hannunka yana da albarka. Shekara ashirin ina aikin fata, ban ga irin wannan ba."

Na sunkuyar da kai ina cewa ai ba komai, amma zuciyata fari ƙal. Inuwa ya kwance ƙullin, ya zaro takalman ya jera su a kan tebur, suna ƙyalli. Ya ja da baya yana jiran a yaba masa shi ma.

Malam Ɗanladi bai dubi saman ba. Ya ɗauki na hagun ya kifa shi, ya kai ƙasan kusa da idonsa. Ya ɗauki na daman ya yi haka. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ni ba ƙafa nake fara dubawa ba, ƙasan takalmi nake dubawa. Inda ya cinye shi ke gaya mini yadda yaro ke taka ƙasa, da shi nake sanin inda zan ƙara da inda zan rage a sabon. Wata takwas, ya kamata a ce dunduniyar nan ta ƙare, hancin ya huje, igiyar an canja ta sau biyu. Iyaye suna kawo mini su a yage ina murna." Ya ɗago ya dubi Inuwa ta saman tabarau. "Wannan babu abin da zan karanta a jikinsa. Kwana nawa ta sa su?"

Inuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce in kula da su."

"An ce. Me kuma aka ce?"

Inuwa ya dubi takalman. Ya sani, bai manta ko kalma ɗaya ba, shi da bakinsa ya maimaita mini a rumfata.

Malam Ɗanladi ya ɗora Hure a kan tebur, ya kama ƙafar hagun a tafin hannunsa a hankali, ya gwada miƙar da ita. Ta tafi kaɗan ta tsaya, Hure ta cije leɓe. Ya sassauta igiyar takalmin gaba ɗaya ya gwada sa mata. Yatsun suka shiga, dunduniyar ta ƙi. Ba girma kaɗai ƙafar ta yi ba, ta juya, takalmin kuwa an yi shi ne don miƙaƙƙiyar ƙafa. Ya ajiye ya fita, ya dawo da likita.

Likitan ya duba, ya lanƙwasa, ya sa aka ɗauki hoton ƙashin, muka zauna a benci har bayan azahar. Da aka sake kiranmu ya yi bayani da Turanci, Malam Ɗanladi yana mayarwa da Hausa. Ya ce ƙafar ta koma, kuma ƙashin ya fara ƙwari a karkace. Za a iya sake aiki, amma sai ta ƙara girma, shekara huɗu ko biyar nan gaba, kuma wannan karon ƙashin za a yanka a haɗe shi. Za ta taka tafinta in Allah Ya so, amma idon sawun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba har abada, ƙafar kuma za ta fi ɗayar gajarta. Irin miƙewar da aka samu a farko, ita kam ta wuce.

Da likita ya fita Malam Ɗanladi ya kasa riƙe kansa. Ba mugun mutum ba ne, na ga idonsa ya kawo ruwa, amma ya ɗaga murya har ana jiyowa a baranda.

"Wata uku muka yi a kan ƙafar nan! Na ga yarinyar nan ta taka da idona! Fata ce fa, Malam, fata da ƙarfe! Ko a wuta ka jefa su da na yi maka wasu. Me ka yi da su wata takwas?"

Inuwa yana tsaye, hannayensa a sake. Ni ina bayansa. A nan ya kamata in matso in ce ni ne, ni na ce masa za su zama tsumma, ni na sa farin shafi, ni na yi ƙullin, ni aka aika gona na bi wata hanya. Ina tattara maganar a bakina ke nan sai Hure ta fashe da kuka.

Duk bayanin likita ba ta gane komai ba. Abin da ta gani kawai shi ne ana yi wa ubanta faɗa, ana nuna takalma. Ta zamo daga kan tebur, ta ɗingisa a kan gefen ƙafarta ta je ta kama rigar Malam Ɗanladi da hannu biyu.

"Kada ka yi wa Baba faɗa. Wallahi ban ɓata su ba. Tun da Baba Kabo ya ce sun goge nake lallaɓa su, da ruwa ya sauka kuma ban ƙara taka ƙasa da su ba, ko sau ɗaya. Ka duba ka gani."

Malam Ɗanladi ya juyo ya dube ni. Inuwa bai juyo ba. Ya durƙusa a kan simintin ɗakin, ya ɗauki karkatacciyar ƙafar 'yarsa ya riƙe a hannu biyu, ya kifa goshinsa a kanta, kafaɗunsa suna rawa. Ita kuwa tana shafa kansa tana ce masa ya yi haƙuri, ba za ta ƙara sawa ba.